Me ya sa mutanen Michigan ke ji da kakar 2021, alhali ba su ɗauki kofin ƙasa ba?

Tambaya daga wani mai karatu a Kaduna: "Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana digiri na biyu a Jami'ar Michigan, kuma tun da ya je ya kamu da son ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Ya turo mini bidiyon wani wasa na 2021, na ga dattawa suna kuka, jama'a sun cika fili. Ya ce a shekarar ce suka zama zakarun rukuninsu. Amma da na bincika sai na ga a ƙarshe Georgia ta lallasa su da ci 34 da 11. To mene ne wannan kofin rukuni, kuma me ya sa ake ji da kakar da ta ƙare da irin wannan kashi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba yaro sa'ar karatu. Tambayarka kashi biyu ce: mene ne darajar kofin rukuni a ƙwallon jami'o'in Amurka, sannan me Michigan ta yi a 2021 da ya kai dattawa ga zubar da hawaye. Na daɗe ina zaune a wannan jiha, kuma shekaru da dama ina taimaka wa kocin wata sakandare wajen horar da yaran layin gaba, wato ƙartin da ke ture-ture a tsakiyar fili. Da wannan idon zan ba ka amsa.

Yadda abin yake a tsare

Wanda ya saba da Firimiyar Ingila ya san wasa 38, gida da waje, idan an doke ka yau akwai zagaye na biyu da za ka rama. A nan ba haka ba ne. Jami'a tana buga wasa 12 ne kawai a kaka, daga ƙarshen Agusta ko farkon Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma kowace abokiyar karawa sau ɗaya kuke haɗuwa. Jami'o'in da ke matakin farko sun haura 120, ba yadda za a yi kowa ya kara da kowa, shi ya sa aka kasa su rukuni-rukuni. Na Michigan shi ne Big Ten, wanda aka kafa a 1896, kuma da ita aka kafa shi. A 2021 jami'o'i 14 ne a ciki, bakwai a shiyyar gabas, bakwai a ta yamma, kowa na buga wasa tara na cikin rukuni, sannan zakarun shiyyoyin biyu su haɗu a birnin Indianapolis a farkon Disamba.

A wancan lokacin ƙungiyoyi huɗu kacal ake zaɓa su fafata neman kofin ƙasa, kuma kwamiti ne ke zaɓensu. Kofin rukuni kuwa a fili ake samunsa, a hannun maƙwabtan da kakannin ɗalibanka suka kara da kakanninsu. Ka duba ita kanta Georgia da ka ambata: a shekarar ta ɗauki kofin ƙasa, amma ba ta ɗauki na rukuninta ba, Alabama ta doke ta da ci 41 da 24 a wasan ƙarshe na rukunin nasu, wato SEC. Kofuna biyu ne daban, kowanne da hanyarsa.

Don maganar ta shiga, ga wasan a taƙaice. Mutum 11 kowane gefe, fili yadi 100. Masu ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma, in sun ci a sabunta musu. Ko dai a miƙa wa mai gudu ya kutsa da ita, ko mai jifa, wanda ake kira kwatabak, ya wurga wa wani a gaba. Kai ƙwallo gidan abokan hamayya, tacdawun ke nan, maki shida, da ƙarin ɗaya idan an buga ta shige tsakanin turaku. Idan tafiya ta cije kusa da gida, a buga da ƙafa a karɓi maki uku.

Ciwon da aka daɗe ana jinya

Rabon Michigan da kofin Big Ten tun 2004, shi ma raba shi aka yi da Iowa. Shekara 17 ke nan, ga ƙungiyar da ta fi kowace yawan nasarori a tarihin wasan, mai filin da ke ɗaukar mutum 107,601. Kuma kusan kowace shekara a ƙofa ɗaya ake tsayar da ita: wasan ƙarshe na kaka da Ohio State, gabar da ta faro tun 1897. Bayan nasarar Michigan ta 2011, Ohio State ta ci sau takwas a jere. A 2016 sai da aka je ƙarin lokaci har sau biyu, aka tashi 30 da 27, kuma har gobe mutanen nan suna jayayya kan inda alƙali ya ajiye ƙwallo a wata dama ta huɗu. A 2018 aka ci su 62 da 39, a 2019 kuma 56 da 27.

Koci Jim Harbaugh ɗan gida ne, shi ne kwatabak na jami'ar a shekarun 1980 a ƙarƙashin Bo Schembechler, ya kuma kai San Francisco 49ers wasan ƙarshe na ƙwararru kafin a dawo da shi a Disambar 2014 kamar mai ceto. Sau biyar ya kara da Ohio State, sau biyar aka kayar da shi. Sai kakar korona ta 2020, suka ci biyu aka ci su huɗu, wasan Ohio State ma aka soke shi saboda cutar ta shiga cikin 'yan wasa. Da yawa sun so a sallame shi. Jami'a ta bar shi, amma ta zabge albashinsa kusan rabi, daga kimanin dala miliyan takwas zuwa kimanin huɗu. Da aka fitar da jerin ƙungiyoyi 25 mafi ƙarfi kafin kakar 2021, babu sunan Michigan a ciki.

Abin da suka sauya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasan da ka gani a bidiyo, wato na Ohio State, tun watan Janairu aka fara cin sa. Harbaugh ya rabu da Don Brown, mai kula da tsaro, wanda salonsa shi ne kowane mai tsaro ya riƙe mutum ɗaya, a kuma yi ta kai farmaki. Salon yana cinye ƙananan ƙungiyoyi, amma Ohio State mai 'yan gudu kamar barewa ta gane lagonsa. Aka ɗauko Mike Macdonald, matashi ɗan shekara 33, daga Baltimore Ravens inda yayan Harbaugh ke koci a lokacin. Macdonald ya zo da ɓad-da-kama: kafin a fara wasa ka ga tsaro a tsaye iri ɗaya, ana farawa ya rikiɗe ya koma wani iri. Ya kuma saki 'yan gefe biyu su yi farautar kwatabak.

Ɗaya Aidan Hutchinson ne, ɗan jihar, wanda mahaifinsa ma ya buga wa Michigan. Ya karye a idon sawu a 2020, yana iya tafiya wasan ƙwararru ya kama kuɗi, ya zaɓi ya dawo. Ya kayar da kwatabak sau 14 a kakar, abin da ba wanda ya taɓa yi a tarihin jami'ar. Ɗayan kuwa namu ne, David Ojabo, haifaffen Najeriya, wanda iyayensa suka koma Aberdeen ta Skotland yana yaro, ya zo sakandare a New Jersey yana buga ƙwallon ƙafa da ta kwando, bai fara wannan wasa ba sai a shekarunsa na ƙarshe a makarantar. Shi kuma sau 11. Idan ka tare ɗaya da mutum biyu, ɗayan ya samu hanya.

Amma a ganina asalin sirrin yana wajen masu kai hari, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne sana'ata. An ba Sherrone Moore layin gaba, mutum biyar waɗanda ba sa taɓa ƙwallo in ban da na tsakiya mai miƙa ta. Akwai wani atisaye da kowace ƙungiya ke yi, mu ma muna yi da yaranmu: tara da bakwai, a matse fili, ba jifa, kowa ya san gudu za a yi ta tsakiya, sai dai a ga wa zai ture wa. Michigan ta sauya wa wannan atisaye suna a shekarar, ta kira shi atisayen doke Ohio. Wato tun daga bazara suka yanke shawarar cewa ba za su yi tseren gudu da jifa da Ohio State ba, don a nan ba za su kamo ta ba. Za su ja ta zuwa kokawa.

Bari in nuna maka yadda abin yake a kusa. A yammacin Nuwamba a nan, sanyi kan sa yatsu su ƙage, numfashin yara na fita kamar hayaƙi. Nakan tsayar da yaro biyu kafaɗa da kafaɗa, gabansu mai tsaro ɗaya. Takun farko gajere ne, bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ƙugu ƙasa, hannuwa a cikin ƙirjin abokin karawa, gwiwar hannu a matse. Su biyun su ɗaga shi su tura baya, sannan a daidai lokacin da mai tsaron baya ya taso, ɗayansu ya saki ya tare shi. Idan ya saki da wuri, na farkon ya kuɓuce. Idan ya makara, na biyun ya riga ya cafke mai gudu. Ba a magana, ba lokacinta, da jiki suke jin juna. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa a dandali ya san wanda ya shige ƙasan ɗan'uwansa shi ke da iko, komai girman wancan. Na taɓa samun yaro da ya fi kowa ƙarfi a ɗakin ɗaga ƙarfe, amma da ya gaji sai ya miƙe tsaye, yaron da bai kai shi nauyi ba ya yi ta mayar da shi baya. Sai da muka shafe kaka guda kafin ƙugunsa ya zauna. Wannan aiki maimaici ne kawai, sau ɗaruruwa, kuma layin Michigan na 2021, da Andrew Vastardis a tsakiya, wanda ya shigo jami'ar ba tare da tallafin karatu na 'yan wasa ba har ya zama kyaftin, shi aka ba lambar Joe Moore ta layin da ya fi kowanne a ƙasar.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A wasa na biyu, da Washington, sun ci 31 da 10, suka yi gudun yadi 343, jifa kuwa yadi 44 kacal. 'Yan kallo da yawa sun yi ta gunaguni wai wasan ba armashi, ga shi babban mai cafe musu ƙwallo, Ronnie Bell, ya ji rauni a gwiwa tun wasan farko. Ni kuwa ranar na fara sa rai. Suka je Wisconsin suka ci 38 da 17, suka tsallake rijiya da baya a Nebraska da ci 32 da 29.

Sai tuntuɓe. Ranar 30 ga Oktoba a East Lansing, gidan Jami'ar Michigan State, su da Michigan State kowa na da nasara bakwai ba faɗuwa. Michigan tana gaba da 30 da 14, sai Kenneth Walker ya ɓalle, tacdawun biyar shi kaɗai, aka tashi 37 da 33. Mutane sun fi tuna wani maki da alƙalai suka soke bayan duba bidiyo, amma ni abin da na gani shi ne sau huɗu suna isa bakin gida suna komawa da maki uku. Da kakar ta mutu a nan, sai dai Michigan State ta je ta faɗi a hannun Purdue, ƙofa ta sake buɗewa. A Penn State ana bin su 17 da 14 saura 'yan mintoci, kwatabak Cade McNamara ya jefa wa Erick All, ya ruga yadi 47, suka tsira da 21 da 17. Ƙungiyoyin Harbaugh na baya a irin wannan wuri suke karyewa.

Ranar 27 ga Nuwamba

Mako guda kafin nan, Ohio State ta ci Michigan State 56 da 7, tun kafin hutun rabin lokaci 49 da nema. Suna da kwatabak C.J. Stroud, da masu cafe ƙwallo uku, Chris Olave da Garrett Wilson da Jaxon Smith-Njigba, waɗanda dukkansu daga baya aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen da ƙungiyoyin ƙwararru ke yi wa 'yan wasan jami'a. Aka wayi gari dusar ƙanƙara na sauka a Ann Arbor, garin Jami'ar Michigan, mutum sama da 111,000 a fili.

An tafi hutu Michigan na da 14, Ohio State 13. Da aka dawo, Ohio State ce da ƙwallo, saura yadi biyu a dama ta uku, suka ce bari su gwada ƙarfi ta tsakiya. Josh Ross ya tare mai gudunsu ya mayar da shi baya. Michigan ta karɓa, Blake Corum ya yanka yadi 55, Hassan Haskins ya ƙarasa. Daga nan duk lokacin da suka karɓi ƙwallo sai sun kai ta gida, har sau huɗu a jere idan aka haɗa da wannan. Stroud bai yi wasan banza ba, ya jefa sau 49 ya samu yadi 394, amma gudunsu gaba ɗaya yadi 64 ne, na Michigan 297. Haskins ya ɗauki ƙwallo sau 28, yadi 169, tacdawun biyar. Hutchinson ya kayar da Stroud sau uku, Ojabo ya ƙara ɗaya a ƙarshe. Aka tashi 42 da 27.

Abin da ya sa wannan ya ratsa mutane shi ne kowa a filin, har da masu tsaron Ohio State, ya san abin da za a yi, kuma ba su iya hanawa ba. A gidan maƙwabcina na kalli wasan, wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'antar motoci. Tun da aka shiga zango na huɗu bai zauna ba, bai kuma ce uffan ba. Da Haskins ya shiga na biyar sai ya cire tabarau, ya zauna a hannun kujera, ya ce mahaifinsa ne ya fara kai shi filin nan yana yaro. Irin hawayen da ka gani ke nan, Alhaji.

Ƙungiyoyin biyu sun gama da nasara takwas da faɗuwa ɗaya a rukuni, wanda ya ci ɗan'uwansa shi ya wuce. Ranar 4 ga Disamba a Indianapolis Michigan ta ci Iowa 42 da 3. Kwana huɗu kafin nan an yi harbi a wata sakandare a garin Oxford na jihar, ɗalibai huɗu suka rasu, cikinsu har da ɗan wasan makarantar mai lamba 42. 'Yan Michigan sun sa lambar a ƙirjin rigunansu a daren. Mu da muke aiki da yara masu irin shekarunsa, makon ya yi mana nauyi ƙwarai.

To, Georgia fa?

Gaba da gabanta. Ranar 31 ga Disamba a wasan Orange Bowl, Michigan ta haɗu da ƙungiyar da ta fi ta iya irin nata salon. A tsakiyar tsaron Georgia akwai Jordan Davis, mai nauyin fiye da kilo 150, wanda mutum biyu ma da ƙyar suke gusar da shi, kuma a bayansa masu tsaro ne masu gudun tsiya. Biyar daga cikin masu tsaronta aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen ƙwararru na 2022. Kafin hutu an kai 27 da 3. Wanda ya gina gidansa kan ture mutane, ranar da ya kasa turewa kuma aka riga shi yin nisa, ba shi da wata dabara ta biyu mai sauri. Ba na rage wa wannan kashi nauyi, ya nuna akwai tazara ta gaske. Amma ba Georgia ce ta hana mutanen nan barci shekara da shekaru ba. 'Yan Michigan sun gama da nasara 12 da faɗuwa biyu, suka sake ɗaukar Big Ten a 2022 da 2023, sannan suka ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2024 bayan doke Washington 34 da 13. Da yawa cikin waɗanda suka yi wannan aiki, irin su Corum da J.J. McCarthy, a 2021 suka koyi hanya.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba, don ɗanka zai ji shi daga bakin 'yan Ohio. A 2023 ta bayyana cewa wani ma'aikacin ƙungiyar, Connor Stalions, yana tura mutane filayen abokan hamayya su ɗauki bidiyon alamun da kocinsu ke yi wa 'yan wasa da hannu. Fassara alamu a lokacin wasa halal ne, aika ɗan leƙen asiri tun kafin wasa kuwa doka ta hana. Big Ten ta dakatar da Harbaugh wasa uku, sannan a Agustan 2025 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta ci jami'ar tara mai yawa, ta ce abin ya faro tun kakar 2021, sai dai ba ta ƙwace nasarorin ba. Laifi ne, kuma ni da nake koya wa yara bin ƙa'ida ya dame ni. Sanin abin da abokin karawa zai yi yana taimakon masu tsaro, ba shakka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce shi ya jawo gudun yadi 297, domin wannan ƙirji da ƙirji aka yi shi a gaban kowa.

Ni kocin yaran sakandare ne, daga bidiyo da kujerar 'yan kallo nake karanta wasan jami'a, saboda haka ka ɗauki hukuncina a matsayin na mai horar da layin gaba, wanda dole idonsa ya fi karkata can. Wani kocin zai ce maka Macdonald ne ya ci kakar, kuma yana da hujja. Ka kuma sani tsarin ya sauya tun 2024: Big Ten ta koma jami'o'i 18, an soke shiyyoyi, masu neman kofin ƙasa sun zama 12, har Ohio State ta sha kashi a hannun Michigan a shekarar amma ta je ta ɗauki kofin ƙasa. A 2021 wanda ya faɗi a wannan wasa shi ke nan tasa ta ƙare.

Idan yaron ya zo hutu, ku nemi cikakken bidiyon wasan ku fara daga bayan hutun rabin lokaci. Kada ka bi ƙwallo da ido. Ka kafa ido kan mai lamba 68 a tsakiya, wato Vastardis, da na hagu da damansa, ka lura da inda ƙafafunsu suke lokacin da aka fara da inda suke lokacin da aka busa usur, sannan ka ga mai lamba 25, Haskins, yana biyo bayansu.